Hotunan da Marwa Ta Aiko

Sultana, Madina
Juma'a, 10 ga Rajab, 1446

Zuwa ga matata Asma, Ummu Marwa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata takardar nan ta same ku cikin sauƙi. Yaya jikin Marwa? Kumburin ƙafar ya sauka bayan wankin ƙodar ranar Laraba? Ke kuma fa, kin fara cin abincinsu, ko har yanzu burodi da shayi ne? Ki gaishe mini da ƙanenki Yazid, Allah ya saka masa da alheri da ya rufe shagonsa ya raka ku har Indiya. Ni lafiya ƙalau, sai sanyin Madina da kika sani.

Kin ce in rage kiran bidiyo, tunda ba na cewa komai, sai in zuba muku ido kamar mai zaman makoki. Gaskiyarki. Shi ya sa na sayi littafin rubutu. Duk Juma'a in na dawo daga Masallacin Annabi zan zauna in rubuta da ajamin da na koya a garinmu Mai Wurno ta Sudan, in ɗauki hoton shafin in turo miki ta waya. Hannuna ya fi bakina iya magana, kin daɗe da sanin wannan.

Yau kwana ashirin da uku da tafiyarku. Gidan yana nan yadda kika bar shi. Ina ba na'ana'arki ta bakin taga ruwa. Ɗakin Marwa ban buɗe ba. Hajiya Halimatu ta hawan ƙasa ta aiko mini da tuwo sau biyu, sauran kwanakin kuwa waken fuli ne da burodin tamis daga shagon kan kwana. In na zauna ci, ƙarar firiji kawai nake ji. Ban taɓa sanin yana da ƙara haka ba.

Na ji lajnar asibitin, kwamitin da zai ba da izinin dashen ƙodar, ba ta zauna ba tukuna. Su yi ta dubawa, duk takardar da suka juya za su ga ke ce uwarta. Abin da ke ci mini rai shi ne ni ya kamata in kwanta a gadon nan a cire tawa ƙodar, da ba don sukarin da likita ya gano ba. Ga shi ke ce za ki bayar, ni kuwa ina nan ina yanka marmarar matakalar otal.

Yanzu ga maganar da ta hana ni sukuni. Jiya ina warsha, wurin aikinmu, Marwa ta turo hotuna arba'in da uku. Na buɗe da murna, na ga ta tsaya jikin wata giwa ta dutse tana dariya. Da na ci gaba sai na gane inda kuke. Asma, gidan bautar 'yan Hindu ne. Ga gumaka nan jere, masu hannu huɗu, masu hula doguwa, ga 'yata a tsakiyarsu ta dafa ginshiƙi. Yarinyar da aka haifa a birnin Manzon Allah. Ni ina nan ina kutsawa cikin cunkoso don in samu wurin da zan ɗaga hannu in roƙa mata lafiya, ku kuna can kuna yawo a tsakanin gumaka. In ita yarinta ce, shekara sha biyar, ke fa? Yazid fa?

Ki sa ta goge su, kuma ta yi istigfari. Wanda za a kwantar gaban wuƙar likita ba ya wasa da Ubangijinsa. In wani abu ya faru, Allah ya kiyaye, me za mu ce ya jawo?

Ki yi haƙuri da zafin maganata. Allah ya ba ku lafiya, ya maido mini da ku.

Mijinki,
Bakri

Sultana, Madina
Juma'a, 17 ga Rajab, 1446

Ummu Marwa,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina tambayar jikinki da na yarinya. Na ji lajna ta amince, an sa ranar Litinin ashirin da bakwai ga wata. Alhamdu lillah. Allah ya sa a yi a sa'a.

Na saurari saƙonki sau biyar. Ban san wayar tana hannunta ba lokacin da takardata ta shigo. Ban kuma san tana karanta ajami har haka ba, yarinyar da in na yi mata Hausa take mayar mini da Larabci. Kin ce ta karanta har ƙarshe tana kan injin wankin ƙoda, ta miƙo miki wayar ta ce, "Wato in na mutu laifina ne?" Asma, tun ranar ban ci abinci ya zauna mini ba. Kin kuma ce likita ne da kansa ya ce a fitar da ita ta sha iska, kuma ranar ce ta farko a wata biyu da ta cinye faranti ta nemi ƙari. Da kin gaya mini haka tun farko. Amma a'a, ba ki da laifi, ni ne ban tambaya ba. Na kira ta sau tara a makon nan, ba ta ɗauka ba.

Zan faɗa miki abin kunya. Ni da na ce a goge, ban goge nawa ba. Ranar Lahadi lokacin hutun azahar na zauna a bayan warsha ina neman fuskarta a ciki, sai idona ya sauka kan hasumiyar gidan bautar da ke bakin teku. Na buɗa hoton da yatsu don in ga yadda aka haɗa duwatsun. Hali zanen dutse, shekara ashirin da shida ina wannan aiki. Ina cikin haka Ammu Shahul ya leƙo ta kafaɗata. Kin san shi, tsohon Ba'indiyen nan da ya gyara mana dutsen niƙa, mai farin gemu da ba ya fashin sahun farko. Ya ajiye abincinsa, ya karɓi wayar da hannu biyu. Ya ƙura wa hoton ido.

Ashe garinsu ne. Mahabalipuram sunan wurin, ƙauyensu kuma tafiyar rabin sa'a ce a keke. Mahaifinsa shayi yake sayar wa masu sassaƙar dutse a bakin hanya, shi kuma a hannun wani tsoho ɗan Hindu ya koyi riƙe guduma. Na ce masa, Ammu, kai Musulmi, ba ka jin komai? Ya ce da Larabcinsa mai karyewa, "Ni ban taɓa yi wa dutse sujada ba, ya Bakri. Amma na san hannu in na gan shi."

Sai ya shiga nuna mini. Ya ce ginin ya kai shekara dubu da ɗari uku, kuma giranit ne, dutsen da mu a nan ba ma kusantarsa sai da injin yanka da ruwa. Hasumiya biyu ce, babba da ƙarama, kowace hawa-hawa tana tsukewa har ta ƙare da tulu ɗaya a ƙoli. A kan katangar da ta kewaye su an jera bijimai a kwance, gishirin teku ya cinye musu fuska har sun yi sumul kamar sabulun da aka daɗe ana wanka da shi. Ya nuna mini wani hoton da ni na wuce, wani ƙaton dutse da ramuka a jere kamar haƙoran zarto. Ya ce haka ake tsaga shi: a huda, a cusa turakun busasshen itace, a yi ta zuba musu ruwa, itacen ya kumbura, dutsen ya rabu a kan layi. Ba wuta, ba inji. Na zauna ina kallon ramukan nan, tazararsu daidai wa daida, na ji kamar na san mutumin da ya huda su.

Wanda ya ɗaure mini kai shi ne na wurin giwar. Ɗakuna biyar ne, ni na ɗauka ginawa aka yi. Ammu ya yi dariya ya ce babu haɗi ko ɗaya, daga jikin dutsen wurin aka fafe su, kuma daga rufi aka fara aka gangaro. Ki duba, mu in muka ɓata allo ɗaya sai mu ɗauko wani. Su kuwa in hannu ya goce a taga, ba inda za a samo wani dutsen.

Da aka koma aiki ya roƙe ni in tura masa hotunan. Shekara bakwai rabonsa da gida.

Ban san yadda zan yi da Marwa ba. Saura kwana goma. Ba na so a shigar da ita ɗakin nan da maganata a ƙirjinta. Ki ba ni shawara, ke kika fi sanin hanyarta.

Allah ya tsare mini ku.

Mijinki,
Bakri

Sultana, Madina
Juma'a, 24 ga Rajab, 1446

Zuwa ga 'yata Marwa,

Assalamu alaikum, ya binti. Ina gaishe ki, ina tambayar jikinki. Yaya hannun da ake sa allura, ya daina tsami? Kina samun barci? Ummanki ta ce in bar kira in rubuto, tunda takarda ce ta ɓata, takarda ta gyara. Ki karanta a hankali. In kalma ta gagare ki, ki tambaye ta.

Abin da na rubuta kuskure ne. Cutarki ba laifinki ba ce, kuma duk abin da Allah ya ƙaddara ranar Litinin, ba zuwanki bakin teku ne zai jawo shi ba. Na san ba bauta kika je yi ba. Tsoro ne ya riƙe alƙalamin, ba ilimi ba. Shekara tara muka yi da ummanki kafin Allah ya ba mu ke, kuma ba mu da wata. Da na rasa abin da zan yi miki daga nan, sai na nemi wanda zan yi wa faɗa, faɗan ya faɗa kanki. Ki yafe wa babanki.

Na duba hotunanki ɗaya bayan ɗaya, ba sau ɗaya ba. Kin iya ɗauka. Kin san inda ake tsayawa haske ya fito da zurfin sassaƙa, abin da wasu da muke aiki tare ba su gane ba har yau.

Na ga babban dutsen nan da aka cika fuskarsa da halittu, mai tsaga a tsakiya kamar kogi na gangarowa. Abin da suke nufi da shi a addininsu ban sani ba, kuma ba nawa ba ne. Amma na ga giwaye da 'ya'yansu a ƙarƙashin cikinsu, ƙaramin ya durƙusa. Na ga kyanwar nan da ta miƙe da ƙafa biyu ta ɗaga hannu sama kamar mai tsananin ibada, ɓeraye sun kewaye ta. Na yi dariya ni kaɗai a falo har na ji muryata ta ba ni mamaki. Ashe su ma suna da irin wannan mutumin a garinsu.

Na ga ginshiƙan da kowanne ke zaune a kan zaki. Wannan wayo ne na mai aiki. Gindin ginshiƙi yana son kauri, maimakon ya bar shi dunƙule sai ya mai da shi zaki.

Wanda na fi komawa gare shi shi ne na saniyar da ake tatsa, ta juyo da wuya tana lasar ɗan maraƙinta. Ki duba harshen, yadda ya lanƙwasa a gadon bayansa. Wanda ya yi wannan ya tashi cikin shanu, kamar ni a Mai Wurno. Ba a ƙirƙiro wannan juyin wuyan daga kai, sai wanda ya tsuguna ya gani da safe sau dubu. Sai kuma birai uku, uban yana duba wa uwar kwarkwata a ka, ita tana shayar da jariri. Kin ɗauke su sau huɗu. Na lura.

Kin tuna kina 'yar shekara shida, ranar Asabar ɗin da nake zuwa da ke warsha? Kina tsintar gutsattsarin marmara kina zane a kai da fensirina. In fure ne ko ganye in bari, in fuska ce in goge da babban yatsa ba tare da na ce komai ba. Har kika daina nuna mini. Ban taɓa ce miki kin iya ba. To, kin iya, tun a lokacin.

Ina da tambayoyin da hoto ba ya amsawa, kuma ba ni da wanda ya je kwanan nan sai ke. Kin taɓa dutsen da hannu? Sumul yake ko da kaushi? Da rana yana ɗaukar zafi kamar baƙin dutsen Madina? Cikin ɗakunan akwai sanyi? Giwar nan ta fi ki tsawo da kamar nawa? Ba sai kin amsa yanzu ba. In kin tashi daga aikin, kin huta, sai ki ba ni labari a tsanake, ko da Larabci ne.

Ranar Litinin ummanki za ta shiga kafin ke. Kada ki ji tsoro in kin ga gadonta babu kowa. Ki yi bisimilla, ki rufe ido. Ina nan ina yi miki addu'a a inda kika sani.

Allah ya yi miki albarka, ya raya mini ke.

Babanki,
Bakri

Sultana, Madina
Juma'a, 1 ga Sha'aban, 1446

Ummu Marwa,

Assalamu alaikum. Sannu, sannu da jiki. Allah ya sa kaffara ce, ya saka miki da abin da ni ba zan iya ba. Yaya ɗinkin? Kina iya juyawa? Yazid ya ce ƙodar ta kama aiki tun a ranar, likitoci suna murna. Alhamdu lillah, alhamdu lillah.

Kin tambayi yadda na yi ranar. Na je aiki, don na san in na zauna a gida bango zai cinye ni. Kafin in fita saƙon Marwa ya shigo, na farko a kwana goma sha bakwai. Muryarta ƙasa-ƙasa, ana jin ƙarar keken asibiti. Ta ce, "Baba, na taɓa. Kaushi gare shi, zayy hannunka. Khalas, na yafe." Wato kamar hannuna, kuma magana ta wuce. Shi ke nan, daƙiƙa tara. Na zauna a kan matakalar gida da takalmi ɗaya a ƙafa har Hajiya Halimatu ta fito ta tambaye ni ko lafiya.

A wurin aiki na yanka allon marmara ya gaza da yatsa biyu, abin da rabona da shi tun ina sabon hannu. Ammu Shahul ya karɓe injin ya ce in je in riƙe masa igiyar awo kawai. Ana gab da la'asar Yazid ya kira ya ce kun fito dukanku. Na yi sujada a nan kan ƙurar dutse.

Da na taso na rasa wanda zan gaya wa. Na sayi kwalin dabino na bi shagunan layinmu ina rabawa. Mai gyaran taya, mai wanki da guga, har ɗan Bangaladesh na baƙala, kantin kayan masarufi, kowa na ce masa 'yata ta samu ƙoda. Wasu ba su ma san ina da 'ya ba, amma sun yi mini barka. Na hau sama na buɗe ƙofa na yi sallama da ƙarfi kamar yadda na saba, na tsaya ina jiran amsa kafin na tuna.

Ranar na buɗe ɗakin Marwa na share. A ƙarƙashin katifa na sami littafin zanenta. Akwai ke a ciki kina tsintar shinkafa, akwai ni ina barci a kujera baki buɗe. Na mayar inda yake. Kada ki gaya mata.

Yazid ya ambaci zazzaɓi yana ɗan taɓa ki da yamma. Kada ki raina shi, kuma kada ki ɓoye wa likita don ki samu zuwa wurin yarinya. Na san halinki.

Na nemi hutu wurin mudir, shugabanmu na aiki, ya ce mu gani. Ki gaida Marwa, ki ce ina jiran sauran amsoshina.

Mijinki mai kewarki,
Bakri

Sultana, Madina
Juma'a, 22 ga Sha'aban, 1446

Zuwa ga Asma,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar wanda ya daɗe bai ga fuskarki ba. Yaya ciwon? Ruwan da ɗinkin yake yi ya ragu tun da aka sake kwantar da ke? Yaya Marwa a ɗakin haya, tana sa abin rufe hanci, tana shan magungunan a kan lokaci? Mako biyu ban rubuto ba. Ba mantawa na yi ba, ban san abin da zan ce ba sai yanzu.

Ga yadda na ga al'amarin. Ke kina gadon asibiti, ba ranar sallama. Marwa sai ta yi wata uku kusa da likita, kuma ba a so ta shiga mutane. Yazid dole ya tafi ranar Alhamis, matarsa ta shiga watanta, kuma ya yi mana abin da ya fi ƙarfin godiya. In ya tafi, wa zai dafa wa yarinyar, wa zai kai ta gwajin jini, wa zai zauna kusa da ke? Na san kin ce za ku iya, kin ce kada in kuskura in taɓa aikina. Na ji ki.

Sau uku ina shiga ofishin mudir. Ya ce sai an miƙa otal kafin azumi, bayan azumi kuma akwai wani na jiran mu kafin aikin Hajji. Na uku ya ce, ba da faɗa ba, "Ya Bakri, in ka tafi yanzu ka tafi ke nan, zan kawo wani."

Na fito na zauna a kan matakalar da nake yi. Hawa goma sha ɗaya na ɗora, saura bakwai. Ammu Shahul ya zo ya zauna kusa da ni. Ban taɓa jin labarin matarsa ba sai ranar. Ya ce shekara goma sha tara da suka wuce aka aiko masa tana kwance. Lokacin yana shimfiɗa daɓen wani otal a tsakiyar gari, ya ce bari ya ƙarasa, saura mako uku. Ta rasu a mako na biyu. Ya ce daɓen ya yi kyau ƙwarai. Sannan ya ce an rushe otal ɗin shekarun baya da za a faɗaɗa unguwar, yanzu in ya bi ta wurin ba ya ma gane inda yake. Bai ce mini in tafi ba, bai ce in zauna ba. Ya tashi ya koma kan injinsa.

A safiyar Talata, Marwa ta turo wasu hotuna shida da ta riƙe ba ta aiko ba tun farko. Gindin ɗakunan nan ne na wurin giwa. Sama an gama komai, har ƙananan tagogin ado, amma ƙasa dutse ne ɗanye, ga sawun ƙarfen sassaƙa a jiki layi-layi, wani ginshiƙin rabinsa bai fito ba. Ta rubuto da Hausa, da kuskurenta, "Baba, don me suka bari ba su gama ba?" Na tambayi Ammu, ya ce ba wanda ya tabbatar, wasu sun ce sarkin ne ya mutu, wasu sun ce yaƙi. Na gaya mata haka. Ta ce in ta warke tana so ta koma ta zana gindin, ta fi son sa a kan saman. Na ce zan riƙe mata lema.

Asma, na sa hannu a takardar barin aiki ranar Laraba. Fita ce ta ƙarshe, ba hutu ba. Bizar jinya ta fito da takardar da asibiti ya turo.

Na san abin da wannan yake nufi, ba sai kin lissafa mini ba. Iƙamarku, takardar zaman ƙasa, a jikin tawa take, in tawa ta faɗi taku ta faɗi. Marwa ba ta san wani gari ba sai wannan, ƙawayenta da makarantarta duk a nan suke. Gida Sudan kuwa kin san halin da ake ciki. Na yi magana da yayarki a Anjamena, ta ce ɗaki yana nan har mu ga abin da Allah zai yi, kuma akwai likitan ƙoda a garin. Duk inda ake gini ana neman mai dutse. Ban ce zai yi sauƙi ba.

Yau bayan Juma'a na daɗe a masallaci. Na yi sallama ga Manzon Allah, na fito na tsaya jikin katangar maƙabartar Baƙi'a. Kin san tun zuwana ba ni da burin da ya wuce a binne ni a nan. Na tsaya har masu gadi suka fara kallona, sannan na taho gida a ƙafa.

Na ɗaure kayanmu a kwali tara, suna wurin Hajiya Halimatu har mu samu mai kawowa. Ita na ba na'ana'ar. Guduma da ƙarafana na bar wa Ammu, ban da ƙaramin da na zo da shi daga Mai Wurno. Na ɗauko miki baƙar abayarki mai laushi da turaren wutarki, na ɗauko wa Marwa fensiranta. Ammu ya rubuta mini sunan asibitin da rubutunsu a takarda, ya kuma ba ni dabino in kai wa ƙanwarsa. Jirgina zai tashi daga Jidda ranar Talata, in sauka Laraba da safe. Kada Yazid ya bar yarinyar ita kaɗai don ya tarbe ni, zan kawo kaina.

Na san ranki zai ɓaci, kuma kina da gaskiya, tunda ban jira yardarki ba. Abu ɗaya nake roƙo. Kada ki yi mini faɗan a waya, ɗinkinki bai warke ba. Ki ajiye shi har in zo in ja kujera gefen gadonki, sai ki yi shi gaba ɗaya, ba zan katse ki ba.

Allah ya ba ki lafiya, ya haɗa fuskokinmu da alheri. Ki gaida Marwa da Yazid.

Mijinki,
Bakri Abu Marwa